Ni Na Ce a Ba Su Surukina

Uwargida Odessa,

Don Allah ki taimake ni, kuma ki yi da wuri, domin kwana goma sha biyu kacal suka rage mini. Tun da nake ban taɓa rubuta wa jarida wasiƙa ba. Matata ce ke karanta filinki duk ranar Lahadi, da ƙarfi take karantawa, ko ina so ko ba na so, ni kuma aikina in yi ta yi wa masu rubuto miki dariya. To, yau ga ni a layi.

Shekaruna sittin da ɗaya. Ashirin da bakwai daga ciki na yi su ne ina zaƙulo wa ƙungiyar ƙwallon garin nan 'yan wasa. Wasan da nake nufi namu ne na nan Amurka, na hular kwano da ture-ture. Ba zan kama sunan ƙungiyar ba, sunayen mutanen ma duk na sauya, ko da yake na san duk mai talabijin a garin nan zai gane mu kafin ya kai rabin shafi. Aikin dai shi ne, daga Agusta zuwa Disamba ina kan hanya, daga wannan jami'a zuwa waccan, in zauna kan benci mai sanyi ina kallon 'ya'yan mutane suna ture juna, in rubuta wanda zai yi da wanda ba zai yi ba. Abincin da na ci a gidajen mai ya fi wanda na ci a gidana yawa. Ba ƙorafi nake ba. Ina son aikin nan so mai tsanani, kuma ina jin daga nan matsalar ta faro.

Shekara uku da suka wuce na je wata 'yar ƙaramar jami'a a tsakiyar gonakin masara, wurin da shanu suka fi 'yan kallo yawa. Wani yaro daban aka tura ni in duba, bai kuma burge ni ba. Ina shirin tashi in koma mota sai na lura da mai jifan ɗaya ɓangaren, wato wanda ƙwallo ke fita daga hannunsa, wani siririn yaro mai manyan kunnuwa. Bari in kira shi Emmett. Ƙaton da ya kamata ya tare masa ya yi sake, aka zo aka kwashi Emmett aka maka da ƙasa, har ni da ke can sama na ji a haƙarƙarina. Ya tashi, ko jikinsa bai duba ba, ya nufi wanda ya yi saken nan, ya dafa hularsa ya faɗa masa wani abu, sai na ga ƙaton yana dariya. Da aka sake jeruwa, ya saki ƙwallo cikin iskar da ke neman tsige tuta, ta yi tafiyar rabin fili ta sauka a hannun mutuminsa kamar miƙa masa aka yi. Na koma na zauna. Sau tara na je garin nan cikin shekara biyu. Na yi hira da kocinsa, da mai wanke musu riguna, da matar da ke zuba musu abinci, wadda ta ce a duk yaran shi kaɗai ya san sunayen jikokinta. Na dawo na ishi mutanen ofis da zancensa har suka laƙaba masa "ɗan Dattijo", don Dattijo suke ce mini.

Abin takaici, ba ni kaɗai ke da ido ba. Kafin Afrilun bara duk ƙasar ta san shi. Kin san yadda ranar zaɓen sababbin 'yan wasa take: ƙungiyoyi su jeru, wadda ta fi shan kashi a kakar wasan da ta wuce ita ke fara ɗauka, a bi da bi har a zo kan zakara, sannan a sake zagayowa daga farko. Mu muna na goma sha tara. Ƙungiyar da ke ta bakwai kuwa saura kaɗan ta ɗinka wa Emmett riga. In muna sonsa, dole mu sayi gurbi na shida a hannun masu shi, kuma ba da kuɗi ake saye ba. Da naka guraben zaɓen ake saye, na bana da na baɗi, wani lokacin har da mutum.

Yanzu sai in gaya miki wane ne Lamont. Surukina ne, mijin 'yata Corinne, ita kaɗai Allah ya ba mu. Yana cikin ƙattin nan da ke tsayawa gaban mai jifa suna tare masa. Nauyinsa laba ɗari uku da goma, amma in ana kallon fim kare ya mutu, sai an miƙa masa hankici. Shi ma ni na zaƙulo wa ƙungiyar shi, shekara takwas baya. Na sha gaya wa Corinne ta auri kowa a duniya ban da ɗan ƙwallo, ta je walimar ƙungiya sau ɗaya tak, ta dawo da mafi girmansu. Da farko na ɗaure fuska, amma Lamont ba a iya ɗaure masa fuska. Gidansu layi huɗu ne daga namu. Duk ranar da dusar ƙanƙara ta zuba, kafin in lalubo takalmina ya riga ya share mana ƙofar gida. A ƙungiya ba kullum yake fara wasa ba. Gurbin mutum biyar ne, shi ne na shida, sai wani ya ji ciwo ya shiga, amma duk wanda ya san aikin ya san ya fi ƙarfin benci. Suna da 'ya, Junie, lokacin shekararta huɗu. Daga Janairu zuwa Yuli, da nake gari, duk Laraba ni ke ɗauko ta daga makaranta, mu je bakin tafki mu zauna muna gulmar agwagi, wace ce mai rowa, wace ce ta yi faɗa da mijinta. Duk mako Larabar nan nake jira.

Yammacin Alhamis ɗin zaɓen muna cikin ɗaki mu wajen talatin, ga allon sunaye, ga wayoyi, ga kofi ya huce ba wanda ya kula. Aka ɗauki na biyar, Emmett yana nan. Agogon masu gurbi na shida ya fara tafiya, minti goma ake ba kowa. Babban manajanmu, Wendell, yana kan waya da nasu manajan. Ya ba da gurbinmu na goma sha tara, suka ce ƙara. Ya ƙara na zagaye na uku, suka ce ƙara. Ya runtse ido ya ba da na zagayen farko na baɗi, ma'ana shekara mai zuwa za mu zauna muna kallo ana rabon manyan yara babu mu a ciki. Na zaci an gama. Sai na ga Wendell ya dafe bakin wayar, ya juyo yana dubana. Saura minti uku.

Ya ce, "Dattijo, Lamont suke so a ƙara musu. In babu shi babu ciniki, kuma akwai wasu na jiransu a ɗaya layin." Nan take kowa a ɗakin ya sami abin karantawa a takardar gabansa. Wendell ya ƙara da cewa, "In kana so ka fita waje, fita, wallahi babu mai ganin laifinka. In kuwa ka zauna, to gaya mini tsakaninka da Allah: yaron nan naka ya kai?"

Uwargida, da zan iya ce miki na yi ta juyayi, na tuno Corinne, na tuno Larabata, da na ji daɗi. Ban yi ba. Na ce, "Ya kai har ya wuce. Ba su shi." Daga baya na ƙirga, daƙiƙa huɗu ne tsakanin tambayarsa da amsata.

Aka kira sunan Emmett a talabijin, ɗaki ya ɓarke da ihu. Na rungumi mutanen da muka shekara goma ba ma ga maciji. Na yi rawa, ni da gwiwar nan tawa. Ina cikin haka wayata ta yi ƙara, na fita baranda. Corinne ce, tana kuka irin wanda rabona da ji tun tana sakandare. An kira Lamont an ce ya haɗa kaya, sabuwar ƙungiyarsa tana can yamma bakin teku, tafiyar awa huɗu da rabi a jirgi. Ta ce, "Baba, ka sani?" Na ce, "Daga sama aka yanke, 'yata. Ni ma yanzu nake ji." Haka kawai maganar ta fito daga bakina, sumul, kamar na yi wata guda ina haddarta.

Ranar da motar kaya ta zo, Lamont ya ɗaga ni sama cak kamar jakar wanki, ya ce, "Haba Baba, saki fuskarka mana, sana'ar ce haka. Ai na san da kana da ta cewa da ba a kai nan ba." Na ce ya sauke ni, bayana na ciwo.

Shekarar farko mun ɗanɗana kuɗarmu. Biyu daga cikin masu tare wa Emmett suka ji ciwo cikin wata ɗaya, mutumin da ya kamata ya shiga madadinsu kuwa yana can bakin teku. Sau hamsin da ɗaya aka kayar da yaron nan. Wasa huɗu muka ci cikin goma sha bakwai. Da muka sha kashi haka, gurbin baɗin da muka bayar sai ya zama na uku a duk ƙasar, muna zaune muna kallo waɗancan suka ɗauki wani dodon yaro da shi. Masu bugo waya gidan rediyo babu sunan da ba su kira mu da shi ba. Mai askina na shekara ashirin, yana riƙe da reza a wuyana, ya ce, "Dattijo, ashe haka kuke ciniki? Ku ba da gida da mota da katifa, ku dawo mana da keke mai kunnuwa?" Na daina zuwa aski. Matata Marlene ta koma yi mini a kicin, na yi rabin shekara ina yawo da kai a karkace.

Sai ga bana. Na san kin sani, ko ba kya kallon ƙwallo ba ki isa ki kuɓuta ba. Wasa goma, mun ci takwas. Yaron ya gane ta inda ake ɓullo masa, ya daina gaggawa, ya koma irin jifan da na gani a gonar masara. Gidan burodin unguwarmu na gasa burodi mai lambar rigarsa, kafin ƙarfe tara ya ƙare. Faston cocinmu ya rage wa'azi da minti ashirin, wai maƙogwaro ke damunsa, alhali muna hango launin rigar ƙungiya ta ƙasan rigar wa'azinsa. Wata ma'aikaciyar jinya ta ce mini an haifi Emmett bakwai a asibitinsu tun Satumba, ɗaya ma mace ce. Mai askin nan ya kira ni da kansa, wai kujerata na kewata, kuma wai shi dama tun farko ya ga alamar yaron. An ba ni ofis mai taga. Da fito a bakina nake tashi da safe. Uwargida, shekara ashirin da bakwai ina cewa "wannan zai yi", yawanci a yi kamar ba a ji ba, wani lokacin kuma ni ne ban gani daidai ba. Sau ɗaya a rayuwata aka saurare ni, aka zuba komai a kan maganata, kuma ta fito. Ban san da me zan kwatanta miki daɗin nan ba.

Can bakin teku ma abin ya yi kyau fiye da tsammani. Lamont ne ke fara kowane wasa, abokansa sun zaɓe shi kyaftin, an sabunta masa kwantiragi na shekara huɗu. Corinne, da ke aikin gashin ƙashi a asibiti lokacin tana nan, ta buɗe wurin kanta. Suna da bishiyar lemun tsami a tsakar gida, duk ranar da ta ji ƙanƙara ta rufe mu sai ta aiko mana da hotonta, don tsokana. Tana da ciki, namiji ne, ƙarshen Fabrairu ake sa rai. Makon jiya ta kira ta ce sun yanke shawara sunana za su sa masa, sunan da ni kaina har yau ban yafe wa iyayena ba. Na ce ta ji tausayin yaron. Ta ce, "Baba, kai ne mutumin da in ka faɗa mini abu ba na sake tambayar kowa. Haka nake so ya zama." Na ce mata ana kirana a ɗaya layin.

Junie kuwa ta kusa shida. Haƙoranta biyu sun faɗi, a hoto na gani. Ta koyi tuƙa keke, mahaifin Lamont ne ya riƙe mata sirdi, don shi ya yi ritaya ya koma kusa da su. Ran nan uwarta ta ce ta zo ta gaida Kaka, na jiyo ta daga ɗaki tana tambaya, "Wanne? Na gaske ko na cikin waya?" Duk muka yi dariya. Da aka kashe wayar na fita na zauna cikin mota a gareji, ban kunna ta ba. Na jima a nan.

Ga abin da ya sa nake gaggawa. Ashe ranar zaɓen nan masu ɗaukar hoton ƙungiya suna cikin ɗakin, mun saba da su har mun daina ganinsu. Yanzu da gari ya haukace, sun haɗa fim na yadda aka samo Emmett, za a sake shi Larabar da ke bayan bikin Godiya, bikin nan namu na ƙarshen Nuwamba da iyali ke haɗuwa a ci talotalo. An nuna mini. Fuskata ta cika allon, ana jin muryata tar: "Ba su shi." Har kiɗa suka sa a ƙasa. Wendell ya ce in ina so, kalma ɗaya zan faɗa a yanke wurin, babu wanda zai sani. Sannan, don abin ya cika, jadawalin bana ya kawo ƙungiyar Lamont garin nan ranar Lahadin makon bikin. Corinne da Junie za su sauka tun Talata, mu ci talotalo tare ranar Alhamis, shi kuma ya iso Asabar da ƙungiyarsa.

Shekaranjiya na kasa daurewa, na zaunar da Marlene na faɗa mata komai, ina jiran ta jefe ni da tukunya. Ta ci gaba da feren dankalinta, ta ce, "Kai tsoho, sai yau ka ga damar faɗa? Shekara talatin da biyar ko cokali ba ka taɓa wankewa ba, daga ranar nan ka yi mako uku kana wanke-wanke, har da tukwanen da ba a yi girki da su ba. Ka ɗauka ni makauniya ce?" Na ce to yanzu me zan yi? Ta ce ta yi wata goma sha tara tana jira in tambaye ta, yanzu ta fasa, in je in tambayi matar jaridar da nake yi wa dariya.

To ga ni. In sa a yanke wurin, kowa ya ci talotalonsa lafiya? Ai babu wanda ya cutu, kowa ya ci gaba. Ko in faɗa, in ɓata wa mai ciki bikinta, in kuma ɗora wa Lamont wannan a ka ana gobe zai shiga fili? Ga kuma wanda ya fi hana ni sakat, ko Marlene ban faɗa wa ba: in Corinne ta tambaye ni ko na yi nadama, ba ni da amsar da za ta so. Ina kewar 'yata, ina kewar Larabata har cikin ƙashina. Amma da za a mayar da ni ɗakin nan a sake kunna agogon, abin da zan sake faɗa ke nan. Wane irin uba ne wannan? Kuma ya halatta mutum ya yi ta murna haka da abin da ya raba shi da jikarsa?

Naki cikin farin ciki da fargaba,
Kakan Cikin Waya

Kakan Cikin Waya,

Da farko, barka. Ina cikin waɗanda suka zage ku bara, a kicin ɗina, da ƙarfi, kuma ina cikin masu bin layin burodin nan bana. Ka yi aikinka, ka yi shi da kyau, gari guda na murna saboda idonka. Kada ka bari kowa, har da kai kanka, ya ƙwace maka wannan.

Yanzu mu raba abu biyu da ka cakuɗa. Akwai abin da ka faɗa a ɗaki, akwai kuma abin da ka faɗa a baranda. Na ɗaki ba laifi ba ne. An tambaye ka a kan sana'arka, ka faɗi gaskiya. Da ka ce yaron bai kai ba don 'yarka ta ci gaba da zama layi huɗu daga gidanka, da ka ci amanar mutum talatin da ke wurin, har da ta Lamont kansa, wanda wataƙila da har yau yana ɗumama benci. Daƙiƙa huɗun da ke damunka ma ba huɗu ba ne, shekara biyu ka yi kana shirya amsar nan a kan titi. Amma kada ka wanke kanka tas. An buɗe maka ƙofa ka fita, ka zaɓi zama, kuma mutanen da suka haɗa kaya ba a tambaye su ba. Corinne ta bar aikinta da ƙawayenta da uwarta cikin 'yan makonni. Tana da haƙƙin jin zafin wannan, ko bishiyar lemun tsami goma ce a gidanta.

Na baranda shi ne laifin. Ta tambaye ka kai tsaye, ka ce ba ka sani ba. Na fahimci dalili, babu uban da ke son ƙara wa 'yarsa kuka. Amma yanzu a kan yardar da ta yi da bakinka take shirin ɗora sunan ɗanta.

Saboda haka ka gode wa Wendell, ka ce a bar fim yadda yake. Mutum talatin ne a ɗakin nan, ban da masu kyamara da masu haɗa fim da wanda ya sa kiɗan. Labari ne da bai iso gidanku ba tukuna, amma yana hanya. In ka sa aka yanke, ka yi ƙarya ta biyu ke nan, wannan karon da shiri, kuma wata rana wani zai faɗa mata a wurin biki yana zaton yabonka yake yi.

Ka faɗa mata ranar Laraba, washegarin saukarta, bayan ta huta, kafin a sa talotalo a wuta. Ba a teburin cin abinci ba, ba a gaban Junie ba. Ku fita ku biyu. Ka fara da ƙaryar, ba da cinikin ba: kin tambaye ni ko na sani na ce a'a, alhali ni aka tambaya, kuma ni na ce a ba su shi. Daga nan ka yi shiru. Wannan ne zai fi yi maka wuya. Kada ka kuskura ka ce ai ga shi abin ya zama alheri. Ita ke da ikon faɗin haka, in ta ga dama, ranar da ta ga dama. In daga bakinka ya fito, kare kai ne. Ciki kuma ba ciwo ba ne. Macen da ta kwashe gida ta tsallaka ƙasa ta buɗe wurin aikinta za ta iya ɗaukar gaskiya daga ubanta. In ta yi fushi, ka bar ta ta yi. Wataƙila talotalon bana ya zo da ɗan shiru, ba zai kashe kowa ba.

In ta tambaye ka nadama, ka ba ta amsar da ka ba ni, dukanta, ba rabi ba: ka yi nadamar ƙaryar, ba ka yi nadamar amsar ba. Ka kuma ba ta labarin zaman da ka yi a gareji. Ina jin ba ta san kai ma ka rasa wani abu ba, domin tun lokacin kake nuna mata fuskar wanda abin ya faɗo wa daga sama. Zancen suna kuwa, ka sakar musu. Ka ce mata ta sake dubawa yanzu da ta san komai, sannan kada ka ƙara tayar da maganar. In sunan ya dawo maka, to wannan karon naka ne da gaske.

Lamont, ka bar Corinne ta zaɓi lokaci, ita ta san mijinta, amma daga bakinka zai ji, kuma kafin fim ya fito. Da za a bi tawa, sai bayan an tashi wasa. Kada ka yi mamaki in ka tarar ya daɗe da sani. 'Yan wasa suna da wakilai, wakilai kuma suna da baki. Mai yiwuwa shi ma jiranka yake kamar Marlene, in kuwa haka ne, ka yi dacen suruki fiye da yadda kake zato.

Saura Junie. Ita ce abin da cinikin nan ya cinye maka da gaske, kuma tata ba ta gyaruwa da ban haƙuri. Yarinya 'yar shekara shida ba ta san wani ciniki ba, wanda ke zuwa ta sani. Ka ce an ba ka ofis mai taga. Me za ka yi da taga? A yau babu abin da za ka roƙi Wendell ya hana ka. Akwai jami'o'i a bakin teku, can ma 'ya'yan mutane na ture juna, benci kuma ya fi ɗumi. Ka nemi a ba ka yankin yamma daga baɗi, ko rabinsa. Lokacin hutunka kuma ku kama ɗan wuri kusa da su, kai da Marlene, wata ɗaya ko biyu, ku fara da ƙarshen Fabrairu. Ka shawarce ta tukuna, wannan karon kafin ka ce eh. Wanke-wanken ma ka ci gaba da shi, ba sai ka yi laifi ba.

Ka tambaya ko ya halatta ka yi murna. Ya halatta. Mutum na iya yin fito da safe ya yi kewa da yamma, duk shi ɗin ne. Uban da bai damu ba ba ya zama ya rubuto wa baƙuwa wasiƙa mai shafi shida.

Ranar Lahadi kuwa, ban sani ba ko ka lura, kai da ka fi ni sanin wasan. Emmett da Lamont duk 'yan kai hari ne, ba za su taɓa shiga fili a lokaci guda ba. In ƙwallo na hannunmu, yaronka ne a ciki. In ta koma hannunsu, surukinka ne. Cikin mutum dubu saba'in, kai kaɗai ne ba za ka sami lokacin zama ba. Ka sa takalmi mai daɗi, ka tanadi muryarka.

Allah ya sauki Corinne lafiya, ya ba ku biki mai albarka, ya sauƙaƙa maka Larabar nan. Amma ka yi haƙuri, Dattijo, ni ɓangare ɗaya zan yi wa ihu.

Odessa